Kafin Ki Fita, Rumasa'u

Rumasa'u, 'yar bakin teku, dakata tukuna,
sauke jakar nan, zo ga tabarma.
Wai a kwana uku za ki ga Kano duka?
Ni shekara sittin da ɗaya, ban gama ba.

Fara cire takalmin nan mai tsini,
ga silifas ɗina, shi ya san hanya.
Farin mayafin kuwa, mai da shi akwati,
marina ba ta san baƙo ba, ba ta jin kunya.
Ɗigon baba guda, har Ikko zai raka ki.

Fita da hantsi, kafin rana ta yi fushi.
Riƙe ƙananan kuɗi a tafin hannu,
mai adaidaita ba shi da canji, ko da yana da shi.
Ku yi ciniki tun ƙafarki na ƙasa,
in kin zauna, zance ya ƙare nan.

Gidan Makama za ki fara.
Yi sallama, ko ba kowa a zaure.
Tambayi mai gadi kafin ki ɗaga waya,
hannu a baya, ido ne ke da izinin taɓawa.
Mai yi miki bayani, bar shi ya kai aya,
ko ya ƙara gishiri, miyarsa ce,
sai ki sallame shi da na goro.
Kuma ɗaga kai! Baƙi ƙasa suke kallo,
su bar azara da ɗaurin guga suna jira a sama.

In Allah ya sa kin ga wuri a wani kusurwa,
fari, ƙarami, mai tsaga a ciki,
ki gaishe shi, ɗan garinku ne.
Daga ruwan gishiri ya taso, ya hau jaki,
ya sayi gero, ya sayi kanwa, ya biya bashi,
ya tsufa a nan, bai sake jin igiyar ruwa ba.

A Kurmi farashin farko gaisuwa ce.
Amsa da murmushi, taya rabi, juya kamar za ki wuce.
Kar ki kuskura ki ce a can ya fi tsada.
In lungu ya haɗiye ki, kar ki tambayi yaro,
nemi dattijon da ya daɗe a zaune.

Juma'a da azahar ki huta, hanya ba taki ba ce.

Dala sai bayan la'asar, da ruwa a gora.
Ni gwiwa ta ƙi, ina nan gindi wajen Tasalla mai awara.
In kin kai ƙoli, bari numfashi ya dawo,
dubi rufin kwano gabas da yamma yana walƙiya,
ki sauko ki gaya mini gaskiya:
haka tekun naku yake?

Ƙofar Mata na bar miki ƙarshe, da dalili.
Akwai karofin da ba allo a kansa, ba suna,
ba mai jagoran da zai tsaya ya nuna.
Can kakanki Mati ya yi shekara arba'in a tsugune.
Hannunsa shuɗi har gwiwa, da shi yake ɗebe mana tuwo.
Ranar da aka yi masa wanka, an cuɗa, an sake,
shuɗin ya ce tare za su.
Nan ki mai da wayar jaka.
Tsaya kawai, ki shaƙi warin toka da baba.

To, tashi, ga mai adaidaita yana ta danna hon.
In za ki dawo hutun baɗi,
ki zo mini da katantanwar nan da ake karawa a kunne.
An ce teku na magana a ciki.
Ni ma ina so in ga wani gari daga tabarma.