Awon da Ba Ya Hawa Sikeli

Ran Laraba Baba Gado ke shigowa Kumasi,
buhu biyu a bayan motar rogo,
jar ƙasar gona har gwiwar wandonsa.
Mai saye a Asawase ya cusa hannu cikin buhu,
ya ciji ƙwaya ɗaya, ya ce da sauran danshi.
Kullum da sauran danshi.
Sati uku muna shanya a tsakar gida,
muna kwasa da gudu in hadari ya haɗo,
amma haƙorin mutumin nan bai san da rana ba.

Baba ya karɓi abin da aka miƙo.
Kuɗin makarantar Tanko, sabuwar adda,
bashin Akosuwa mai kanti.
Sidin da ya rage ko nauyi bai yi wa aljihu ba.

Sai dai akwai awo guda
da yake ƙullewa a tsohon ɗankwalin Inna.
Wannan ba ya hawa sikelin kowa.

Gidan Goggo Lariba ake kai shi, a Aboabo.
Ta hura gawayi, ta ɗora kaskon ƙasa,
ta hana mu surutu,
wai da kunne ake suyar gahawa.
Ƙarar farko sallama ce.
Ta biyu, in ka tsaya amsa kira, ka sha toka.
Hayaƙi ya tsallake katanga,
tela ya bar kekensa ya leƙo, wai allura yake nema.

Ƙaramin turmi, ɗan yankan citta,
kanumfari uku, ba huɗu ba.
Ta tafasa, ta sauke, ta jira gari ya kwanta,
don mai gaggawa tsaki yake sha.

A bakin titi mai shayi na yage ƴar leda,
yana kaɗa kofi a ruwan zafi.
Baba ya dube shi ta zaure, ya ce,
ƴaƴana ne, sun haye teku
sun dawo ba sa gaisuwa.

Ya riƙe kwaf da hannu biyu,
hannun da cinnaka suka gama yi wa zane.
Ya kurɓa. Ya ce baɗi zai sare su duka,
ya dasa koko kamar kowa.
Haka ya ce bara.

Goggo ba ta tanka ba, ta ƙara masa.
Ni ce na wanke rigarsa da daddare:
a aljihu, iri goma sha biyu,
jajaye, zaɓaɓɓu, na shuka.