Ɗigo Uku

Daga Seoul na sauka da jaka mai nauyi,
kwalabe tara, kowacce da lambarta.
A kantinmu haka muke koya wa mata:
wannan kafin wancan, wancan bayan minti biyu,
kada ki murza, ki dinga ɗan dannawa.
Na faɗi maganar nan sau dubu
har bakina ya iya ta ba da ni ba.

Kakata Bu Malsun ba ta tambayi kuɗinsu ba.
Ta ɗaga 'yar ƙaramar cikinsu, ta sunsuna,
ta ce, "Wannan warin asibiti yake."
Washegari na same ta a dandamali
tana shafa wa kaushin dugaduganta
albashina na kwana huɗu.

Shekara sittin tana nutso a tekun Jeju,
ba tukunyar iska, sai abin da ƙirji ya ɗauka,
tana ɓamɓaro katantanwa daga jikin dutse.
Gishiri ya ci rabonsa a fuskar nan, rana ta ci nata.
Gilashin nutso ya bar mata zobe,
ya taso daga goshi, ya zaga kunci, ya haɗe a ƙarƙashin hanci,
ko ranar da ba ta shiga ruwa ba yana nan.

Amma bari dare ya yi.
Ruwan wankin shinkafa, ba na farko ba, na biyun,
wanda ta ajiye tun faɗuwar rana a kwano mai lotsattsen baki.
Tafi biyu, sau bakwai, ba gaggawa.
Ba ruwanta da tawul. Bakin ƙofa take zama
iska ta ƙarasa mata aikin,
ita kuwa tana sauraron ko gobe teku zai yarda.
Sannan man kameliya,
wanda ta tsinto 'ya'yansa a bayan katangar baƙin dutse
ta kai wa Yang Deokbae mai injin matsa,
suka yi ciniki har da zage-zage, kamar kowace shekara.
Ɗigo uku.
Ta ɗumama shi a tsakanin tafukanta
ta kifa fuska a ciki kamar mai jin kunya.

"Da rana fuska ta masu kallo ce," in ji ta.
"Sai da dare take komawa wurin mai ita."

Bana hannun ya fara rawa.
Daren jiya kwalbar ta suɓuce, ta gangara ƙarƙashin kabad.
Ta bi ta da ido, ba ta ce uffan ba,
ita da ko igiyar ruwa ba ta ƙyalewa da baki.
Na durƙusa na lalubo. Na nufi uku, huɗu suka fito.
"Ɓarna," ta ce. Ta rufe ido, ta miƙo haɓa.

Ni da na taɓa fuskoki ɗari bisa ɗari
a ƙarƙashin farar fitilar kanti,
wannan ban taɓa kai mata hannu ba.
Na zaci busasshen ganye zan ji.
Laushi na ji, da ɗumi,
irin na mayafin da ya sha wanki har ya daina gardama.
Yatsana ya faɗa cikin zoben, ya bi shi,
goshi, kunci, ƙarƙashin hanci, kunci, goshi.
Na zaga sau biyu.
Na ukun ba don man ba ne.

"Ke ba ki wanke taki ba," ta ce, ido a rufe.
"Tun daga jirgi kike yawo da fuskar kantinku."

Akwai saura a kwanon, ya yi sanyi,
farin ya kwanta a ƙasa. Na kaɗa shi da yatsa.
Sau bakwai. A na biyar na shaƙe, ta yi dariya.

Muka zauna a bakin ƙofa, iska tana aikinta.
Can nesa fitilun masunta sun jeru a kan ruwa,
haskensu ya iso da ƙyar, ya sami goshinta, ya zauna.
Kwalabe takwas suna cikin jaka, ban kwance su ba.
Ta tara tana gefen shimfiɗarta.
Ta ce in zan dawo in ƙaro mata irinta,
dugadugan sun gode.