Babu

A silimar Ebute Meta, daren Laraba,
ruwa na ɗiga ta kwano, fanka ta mutu,
ni da Baba Jatau, mai gadi a tashar Iddo,
muka biya naira ɗai-ɗai, muka zauna can baya.

Tsohon fim ne, fari da baƙi, majigin na tari.
Wata Sista, farin lulluɓi har gira,
ta ɓoye yara bakwai a ƙarƙashin ɗakin ibada.
Soja ya shigo, takalminsa ya riga bakinsa magana:
"Akwai kowa a ƙasa?"
Ta dubi gicciye, ta dubi bakin bindiga,
ta ce, "Babu."

'Yan gaba suka ɗauki ihu, wani ya watsa ɓawon gyaɗa.
Baba Jatau ko gezau.
Carbinsa ya tsaya a kan ƙwaya ɗaya.

Da muka fito, Ikko na tafasa,
kwandasta na kiran Oshodi, mai tsire na fifita wuta.
Ya ce, "Yaro, lokacin yaƙi, a ƙetaren Kwara,
kyaftin ya aike ni in leƙa wata coci.
Mace da goyo, ta toshe bakin jaririn da tafinta.
Na dawo na ce babu.
Shekara ashirin ina istigfari kan kalmar nan,
ban sani ba, zunubi nake wankewa
ko lada nake gogewa."

Na rasa ta cewa. Na saya masa goro.
Ya ɓare, ya miƙo mini rabi,
ya nufi Iddo, jirgin dare na kuka.