Rahoton Shekara a Hannun Mai Shara

Ƙarfe goma na dare, rabin fitilu sun yi barci,
na jingine tsintsiya a ƙofar ofishin shugaba.
An bar rahoton bana a kan tebur,
takarda mai santsi, da ƙamshin sabuwar tawada.
Sai da na goge hannu a wando kafin in taɓa.

Sun ce ɗalibai dubu biyu da ɗari da sha tara.
Ni ta sawun takalma na san su:
jar lakar kwarin Laurel Fork,
da baƙar ƙasar gidajen bakin tsohon ramin kwal,
ramin da ya cinye huhun ubana,
ya tofar da ni ina da arba'in da bakwai
a nan tsaunukan Kentaki, inda rana ke makara.

Sun ce ma'aikatan jinya sittin da uku sun kammala.
Ba su ce Loretta Sizemore ce cikon ukun ba,
wadda ke kwantar da ɗanta a ƙarƙashin benci
da bargo da kwalbar madara,
tana haddar sunayen ƙasusuwa ƙasa-ƙasa
har ni mai shara na riƙe biyar a kaina.
Sau biyu jarrabawa ta kayar da ita.
A na uku ta rungume ni har da bokitina.
Yau ita ke auna jinin matata a asibitin gunduma.

Shafi na tara: hidima ga jama'a.
Layi huɗu suka ba ambaliya.
Layi huɗu!
Ni da na ga zauren wasanni ya koma unguwa,
iyali tamanin a kan gadajen ninkewa,
'yan ajin girki na tuƙa wake da burodin masara,
tsohuwa Opal Combs zaune da karenta
da hoton mijinta da ruwa ya ci rabin fuska.
Malam Delmer na ajin walda ya kwashi yaransa
suka ɗinke gadar da rafi ya yaga,
kwana sha ɗaya, ba wanda ya tambayi lada.
Jiyau ya rubuta, ganau na riƙe da tsintsiya.

Akwai kuma abin da takarda ta haɗiye.
An janye motar da ke hawa can ƙuryar kwari,
kuɗin mai ya gagara.
Sun ce saba'in cikin ɗari sun dawo bana.
To, ina talatin?
Safar hannun Travis Napier tana nan a durowarsa,
wata bakwai ke nan ina kewaye ta.
An ce ƙwaya ce, an ce aiki ya samu a arewa.
Ban zubar ba. Ƙila ya zo ya nema.

Can ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe,
manyan da suka koma aji: ɗari da ɗaya.
Na yi dariya ni kaɗai har bango ya amsa.
Ni ne ɗayan nan, Orville Caudill,
mai zaman baya kowace Talata,
gwiwoyi sun fi ƙarfin kujera,
fensir na rawa tsakanin yatsun da suka saba da diga.
Gemu ba ya hana ilimi, sai dai ya sha gumi.
Shekara huɗu baya, da hotuna kawai zan kalla
in mayar in ci gaba da shara.
Yau na karanta har shafin lissafin kuɗi,
har na kama su da kuskuren tarawa.

Na sa ɗan ɗigo da fensir a gefe, don shugaba.
Na ɗauki tsintsiya, na bi fitilu ɗaya-ɗaya,
na bar ta bakin titi a kunne.
Loretta ta taɓa ce mini
ita take hange daga kwanar dutse da asuba
ta san ba ta makara ba.