Ɗan Gidan Wa?

Ƙarfe bakwai saura, Swindon ba ta gama farkawa ba,
ruwa na tsiyaya a gilashin hawa na uku,
shayina ya huce tun a matakala.
Ƙarshen wata ne. Maureen ta ofishin akanta
ta aiko saƙo uku kafin in cire kwat:
ina rasitan masu kawo kaya?

Na buɗe zama da rumbun bayanai,
na yi tambaya yadda na saba,
baƙi bai ɓace ba, waƙafi na wurinsa.
Ya ce mini babu layi ko ɗaya.
Rasit dubu arba'in da na gani jiya da idona
sun yi ɓatan dabo.

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba.
Na tuna izinin zamana da ke rataye a ƙafar kujerar nan,
na tuna kuɗin haya.

Sai Gethin ya leƙo ta kafaɗata, yana tauna biskit,
ya ce, ka faɗa masa ko kai na wane reshe ne?

Ashe.
Rumbu ɗaya ne, gida tara ke zuba hatsi a ciki,
Dundee da Cardiff da mu da sauran,
kowa da lambarsa a bakin buhu.
Wanda ya shigo bai ce ga gidansu ba,
ba a korarsa, ba a zaginsa,
ɗaki sharar tas ake buɗe masa
a ce duba da kanka.

Haka kakata Tabawa take a Malumfashi,
uwar adashin unguwa guda.
Yaro ya yi sallama ya ce an aiko shi karɓar kwasa,
ba ta kwance bakin zane
sai ta ji ɗan gidan wa.
Ko da ta san kakansa, sai ya faɗa da bakinsa.

Na rubuta layi ɗaya: tamanin da ɗaya.
Rasitai suka dawo rututu
kamar tumaki da magariba.
Maureen ta aiko hoton babban yatsa.

Da la'asar na shiga da lambar Dundee don wani gyara,
na manta ban sauya ba.
Saura ƙiris in biya bashin wani gida
da kuɗin namu.
A nan rumbu bai ce uffan ba,
na faɗi gida, ya buɗe mini.
Wannan ta fi ta safe ba ni tsoro.

Na rufe zaman ƙarfe shida.
Shekara huɗu muna tare da shi,
gobe da safe bai san ni ba,
sai na sake faɗa.

A bas na kira gida.
Ƙanwata Asabe ta miƙa wa Tabawa waya,
murya ta zo daga nesa, tana rawa:
wa ke magana?
Na faɗi sunana. Shiru.
Na faɗi sunan babana.
Sai ta ce, af, kai ne,
ka ci abinci?