Taliya a Osu

Ranar Asabar na ce da Gwaggo Lantana,
yau ba Nima, ba tukunyar shinkafa da wake,
ki ɗaura zanin nan mai ruwan goro
in nuna miki garin da kika tsufa a ciki ba ki gani ba.
Ta ce, "Ankarar? Shekara arba'in da ɗaya ina ciyar da ita,
yau ni ce baƙuwa?"

Motar haya ta zube mu a Jamestown,
ƙarnin kifi ya riga kowa yi mana maraba.
Ga hasumiyar fitila, ja da fari.
Ta dubi tsawonta, ta dubi gwiwarta,
ta ce, "Hau, ka gaishe min da sama."
Na hau ina ƙirga matakala har lissafi ya kuɓuce.
Daga can kwalekwalen masunta ɓawon gyaɗa ne a kan ruwa,
ita kuma ɗigon goro a gindin bango,
tana taya lemon da ba za ta saya ba.

A tsohon kurkukun Ussher bakinta ya mutu.
Ɗan rakiya na ta jero shekaru,
wa ya gina, wa ya ƙwace, wa aka tsare.
Ita dai tafin hannu ta ɗora a bango,
bangon na gumi, gishiri ya cinye fatarsa.
Ta saurari teku yana haki a bayan ginin,
ta ce, "Da can ɗaure su ake yi a kai su ruwa.
Nawa da ƙafarsa ya je."
Sahabi ke nan. Damina shida.
Sai murya a waya, sai hoton gonar tumatir
wadda ido ba ya kai ƙarshenta.

Da la'asar na ja ta Osu,
gidan abincin Italiya, mai kyandir da rana tsaka.
Yaro ya kawo takarda, ta riƙe ta a juye,
na karanta mata sunaye masu ƙarewa da i.
Da kwano ya iso ta leƙa, ta tuntsire da dariya:
"Wannan ai taliya ce!
Wadda muke murzawa mu shanya a igiya.
Ashe sunan garinsu muke kira tun muna 'yan mata?"

Cokali mai yatsu ya yi mata gardama,
ta nannaɗa, ta sulluɓe, ta nannaɗa, ta sulluɓe.
Ta ajiye shi, ta wanke hannu, ta yi bisimilla.
Ba yaji, ba daddawa, cukunsu kamar garin rogo.
Amma da miyar ta taɓa harshenta sai ta dakata.
"Tumatir ɗin daga ina?"
Yaron ya ce na gwangwani ne, daga can ake kawo shi, a jirgin ruwa.

Ta daɗe tana kallon jan da ke yatsunta.
"Wa ya sani ko shi ya tsinko."

Ba ta bar ko ɗigo ba, har da gutsuren burodi ta suɗe kwanon.
Kuɗin da na biya na ɓoye mata,
da ta ji, da ta ce buhun wake ne.

A mota, cunkoson Circle ya riƙe mu har magariba.
Na ce, Gwaggo, duk yawon nan ina ya fi miki?
Ta ce, "Gida."
Can da muka ƙetare gada ta taɓa ni:
"Wata mai zuwa ka mai da ni wurin masu kyandir.
Zan zo da yajina."