Ɗinkin da Ba a Sa wa Suna Ba

Ran Litinin, kasuwar Marwa na watsewa,
Sisiliya ta shigo rumfata
da littafin ubanta ƙunshe a gefen zane.
Bango ya rabu da jiki, zare ya ci kansa,
gefen shafuka ya yi baƙi da yatsun Baba Jauwe,
shekara talatin yana karanta wa mutanen Domayo
kafin ido ya ƙi.

Ta ce a yi masa riga da fatar akuya, ja.
Na ce jaka uku. Muka tsaya a biyu da rabi.

Ba addinina ba ne,
amma baduku ba ya huda abin da bai san asalinsa ba.
Na ce, wa ya rubuta? Yaushe?

Ta yi dariya har ta dafe ƙirji.
Ta ce tambayar nan ce ta zaunar da ita
shekara huɗu a Yawunde.
Ta ce malamansu sun ce
labarin ya daɗe yana yawo a baka,
daga kwalekwale zuwa kasuwa, daga uwa zuwa ɗa,
har waɗanda suka gani da ido suka fara furfura,
sannan aka nemo tawada.
Sunayen da ke saman shafi, in ji wasu,
daga baya aka ɗora su,
kamar yadda ake yi wa saniya shaida bayan an saye ta.
Wasu kuwa sun ce a'a, suna bai taɓa barin mai shi ba.
Wasiƙu ma akwai gardama:
wannan ta malam ce, waccan ƙila ta ɗalibi
da ya ari muryar malaminsa bayan an binne shi.

Na ce, to shekarun fa?

Ta buɗe tafin hannunta.
Ta ce guntu bai kai haka ba aka tsinto a rairayin Masar,
babu rana, babu wata.
Sai a duba yadda hannu ke lanƙwasa harafi,
a ce wannan rubutun zamanin kaza ne,
a ƙara hamsin, a rage hamsin.

Wannan kam na gane.
Ni ma in an miƙo mini tsohuwar fata
nakan shinshina bagaruwa, in murza, in ce
jimar Kakatare ce, kafin babbar ambaliya.
Nakan dace. Ba kullum ba.

Da na farke tsohon bangon sai basilla ta tsaya mini.
Ɗinki biyu gaba, ɗaya baya, ƙulli a ɓoye.
Hannun mahaifina.
Na kusa rantsewa.
Sai na tuna yara biyar ya koya wa wannan ɗinkin,
Tanko, da Ɗanliti, da bebe daga Mokolo,
da wani da ya tafi Kusiri bai dawo ba, da ni.
Cikinmu ba mai sa suna a aiki.
Wa zai ce? Duk wanda zan tambaya yana ƙarƙashin ƙasa.

Laraba na kai da kaina,
na ratsa rairayin Kaliyawo, rana na dukan ƙeya.
Tsohon yana ƙarƙashin maina, kan kujerar kara.
Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina karan dafi,
ya bi gadon bayan littafin da babban yatsa,
sannu, kamar mai ƙirga haƙarƙarin rago.

Ya ce, aikin Gambo ne wannan.
Na san hannunsa ko cikin duhu.

Gambo ya cika shekara goma sha tara a kabari.
Sisiliya ta dube ni.
Na buɗe baki in gyara masa,
sai na dubi hannuna,
na rasa ta inda zan fara.